Wai ots na wanke hanta? Dakata kafin ka tura wa Baba bidiyon nan

Idan kana cikin zauren WhatsApp na danginku, ko kina bin masu koyar da girki a TikTok da Instagram, da wuya a ce bidiyon nan bai iso gare ku ba. Wata 'yar gayu ce a kicin mai farin tayil, ta ɗebi ots ta jiƙa, ta markaɗa da ruwa, ta matse lemon tsami a kai, ta kalli kyamara ta ce a sha da sassafe kwana bakwai a jere. Wai zai narkar da maiƙon jini, ya wanke hanta tas, tumbi kuma ya sauka. Kafin azahar an watsa shi zaure goma. Kafin magariba wani ɗan albarka ya biya shago a Ƙofar Ƙaura ya sayo wa tsohonsa gwangwanin Quaker da kuɗin da ya ware don sa data.

Niyyar tana da kyau, Allah ya ba da lada. Amma ni ina da ja a kan bidiyon, kuma abin da ya fi damuna shi ne akwai gaskiya a cikinsa. Da zallar ƙarya ce da ta zo da sauƙi. Gaskiyar 'yar mitsitsiya ce, aka hura ta kamar balan-balan har ta tare wa mutane ganin abin da ke cin hantar matasa a garin nan.

Bari mu fara ba ots haƙƙinsa. Hantarka tana amfani da kolestarol, wato maiƙon nan na jini, ta haɗa ruwan matsarmama, ɗacin da ake kaffa-kaffa kada ya fashe in ana gyaran kaza. Ruwan yana gangarawa hanji ya taimaka a narkar da maiƙon abinci, daga nan jiki ya tsotse mafi yawansa ya mayar wa hanta ta sake aiki da shi. To shi ots yana da wani nau'in faiba, ɓangaren abincin da ciki ba ya iya narkarwa, sunansa beta-gulukan. Shi ne ke sa kunun ots ya yi yauƙi-yauƙin nan. A cikin hanji yauƙin yana riƙe wani kaso na ruwan matsarmama ya fice da shi ta bayan gida. Sai hanta ta ga kayan aikinta sun ragu, dole ta zaƙulo kolestarol daga cikin jini ta haɗa sabo. Ta haka mugun maiƙon, wanda ake rubutawa LDL a takardar gwaji, yake ɗan sauka.

Wannan an daɗe da saninsa. Tun 1963 wasu masu bincike a ƙasar Holan suka nuna shi, kuma a 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a riƙa rubutawa a jikin kwalin ots cewa yana iya rage haɗarin ciwon zuciya. Sai dai da sharaɗi: mutum ya samu giram 3 na beta-gulukan a kullum, kuma sauran abincinsa ya kasance mai ƙarancin kitse. Giram 3 ɗin nan sai ka ci kimanin giram 70 zuwa 80 na busasshen ots kafin ka same shi, kusan kofi guda kenan, kowace rana ta Allah. Yanzu ka lissafa kwana nawa gwangwanin da ka sayo zai yi, ka tuna kuma ba a noma shi a Funtuwa ko Malumfashi. Hatsin ƙasashen sanyi ne irin su Kanada da Rasha, shigo da shi ake yi, kuma tun da naira ta karye a 2023 duk abin da ya hau jirgin ruwa sai a hankali.

In ka jure duk wannan, me za ka samu? Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane, raguwar LDL ɗin tana tsakanin kashi 4 zuwa 7 cikin 100. Ka ce kashi 5. Idan takardar Baba ta nuna 5.0, alhali ana so ya yi ƙasa da 3, ots zai iya sauko da shi wajen 4.7. Ya taimaka, babu musu, amma har yanzu yana cikin haɗari. Ƙwayoyin da likita ke rubutawa, dangin sitatin, suna rage shi da kashi 30 zuwa 50. Shi ya sa gabana ke faɗuwa in na ga ana rubutawa a ƙasan bidiyon cewa maganin asibiti "kemikal" ne, a ajiye shi a koma ga abin da Allah ya halitta. Maiƙon jini ba ya ciwo, ba ya sa zazzaɓi. Baba zai ajiye ƙwayarsa ya yi wata shida yana cewa ai shi garau yake ji, sai ranar da aka tashi aka tarar baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. Sai a ce iska ce.

Akwai ma waɗanda gado suka yi. Kimanin mutum 1 cikin 250 zuwa 300 ana haihuwarsa da hantar da ba ta iya kwashe LDL daga jini yadda ya kamata. Siriri ne, ɗan shekara 25, yana buga ƙwallo kullum da yamma, amma in aka auna jininsa sai ka riƙe baki. Irin wannan ko buhun ots ya cinye bai tsira ba sai da magani. In a gidanku akwai wanda ya yanke jiki ya faɗi da ciwon zuciya bai kai 55 ba, wannan maganar da kai nake.

Sannan mu faɗa wa juna gaskiya, yaya muke shan ots ɗin? A dama shi, a juye rabin gwangwanin madara, a zuba sukari cokali huɗu, wani ma ya ƙara Milo, a kawo burodi da bota a gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, cokalin shayi 12, in da hali ma ya tsaya a rabin haka. Kai kuma tun ƙarfe takwas ka ci kusan rabin kasonka a kofin da kake kira magani. Da rana a kora da lemon kola na roba, wanda shi kaɗai ya kusa cike giram 50 ɗin. Af, kamfanin PepsiCo ne ya mallaki Quaker tun 2001. Ko ta ina ka ɓullo dai aljihu ɗaya kuɗin ke shiga.

Kada kuma ka ɗauka mu muka fara wannan yayin. A ƙarshen shekarun 1980 Amurkawa sun haukace a kan dusar ots, ana barbaɗa ta a kusan komai, har wani bincike ya fito daga Boston a farkon 1990 ya sace wa abin iska. A 2024 ya dawo ta TikTok da sunan Oatzempic, an aro sunan allurar Ozempic an liƙa wa ruwan ots da lemon tsami, wai mutum zai zubar da kilo 18 cikin wata biyu. Abin da ya iso wayoyinmu ragowar wancan ne, an fassara shi an ƙara masa gishiri da batun hanta.

Ga abin da ya fi ba ni haushi, ya kuma fi ba ni dariya. A 2003 wani likita mai bincike a Jami'ar Toronto, David Jenkins, ya haɗa wa masu yawan maiƙon jini wani tsarin abinci na wata guda. Ya sa ots da sha'ir, ya sa waken suya, ya sa 'ya'yan itatuwa masu mai irin almon, da wani man shafa burodi na musamman, sannan a kayan lambu ya zaɓi kuɓewa da ɗan'uwan gauta na Turawa, saboda yauƙinsu. LDL ɗinsu ya sauka da kusan kashi 29 cikin 100, dab da waɗanda aka ba ƙwaya. Ka ji fa, kuɓewa. Wadda ƙanwarka ke yamutsa fuska in an yi miyarta, wadda ake shanyawa a kan rufin kwano a Sabuwar Unguwa. Da waken suya, wanda muke yin awara da shi a kowane lungu. A 2014 kuma aka tattara gwaje-gwaje a kan dangin wake, aka ga cin kimanin giram 130 na dafaffe a kullum yana rage LDL da wajen kashi 5 cikin 100. Daidai abin da ots ke yi kenan. Wake da shinkafa, dafa-dukan wake, alala, faten wake da alayyahu. Kwano nawa na wake za ka auno a Babbar Kasuwa ko 'Yar Kutungu da kuɗin gwangwani biyu?

Ba zan yi maka zaƙin baki in ce gero da dawa suna da beta-gulukan kamar ots ba. Ba su da shi sosai, sha'ir ne ke da shi, wanda masu sayar da garin talbina suka saba kawowa. Amma gero da dawa suna da nasu faiban a jikin dusarsu, kuma mu da hannunmu muke surfe su fes, mu wanke, mu zuba wa tumaki dusar. Sai mu koma tuwon farar shinkafa da semo da taliya, mu dawo muna sayen hatsin wasu da tsada don ba a cire masa tasa dusar ba. Tunkiyar gidanku ta fi ku cin faiba.

Inda muke ɓata namu shi ne wurin mai. Awarar nan mai amfani sai ta yi iyo a kaskon da ya kwana uku ana suya a cikinsa har man ya koma baƙi. Wake da shinkafa sai mai ya kwanta a ƙasan kwano. Kusan rabin manja kitse ne mai daskarewa, irin wanda ke ɗaga LDL, man shanu ma ya fi shi. Ga balangu mai kitse da dare, ga kai da ƙafa, ga ganda. Ba cewa na yi a daina ba, ni ma ba waliyyi ba ne a gaban mai tsire. Amma wanda ya rage rabin man da yake ci ya yi wa jininsa abin da kofin ots ba zai yi masa ba.

To, mu zo kan hanta, don nan ne bidiyon ya fi yin ɓarna.

Hanta ba tukunya ba ce da za a sa soso a wanke. Ita ce ma ke tace jinin jiki dare da rana. Cutar da masu bidiyon ke nufi ita ce taruwar kitse a cikin hanta, kuma cuta ce ta gaske, an ƙiyasta tana jikin kusan mutum 3 cikin kowane manya 10 a duniya. Ƙiba ke kawo ta, musamman ta tumbi, da ciwon suga, da yawan zaƙi, da zaman wuri ɗaya. Barasa ma na kawo irinta. Sukarin da ke cikin lemon kwalba da zoɓo da kunun aya da furar da aka cika wa zaƙi, wani kaso nasa hanta ce ke karɓa kai tsaye, in ya yi mata yawa ta mayar da shi kitse ta ajiye. A wasu kitsen yana zaune lafiya shekara da shekaru. A wasu sai hantar ta kumbura, ta yi tabo, a hankali ta ƙandare.

Shin ots na maganin wannan? Yawancin binciken da ya nuna haka a kan ɓeraye aka yi shi. Wanda aka yi a kan mutane kaɗan ne, ƙanana ne, kuma da wuya a raba aikin ots da aikin ramewar da mutanen suka yi. Ko ɗaya maiƙon jinin da ya fi tafiya tare da kitsen hanta, wanda ake rubutawa TG a takardar gwaji, ots ba ya taɓa shi sosai. Abin da likitocin hanta suka tabbatar shi ne rage nauyin jiki da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Mai kilo 90 ya zubar da 6 zuwa 9, a hankali, cikin watanni. Da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Mu kuwa daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Guga sai an tare Keke Napep. Ots zai iya shiga wannan tsarin idan ya maye gurbin shayi mai kauri da burodi, don yana riƙe ciki. Idan ƙari aka yi da shi a kan abin da aka saba ci, an ƙara wa Borno dawaki ne kawai.

Yanzu ka matso kusa, ga abin da ba ya samun masu kallo a TikTok. A binciken da gwamnatin tarayya ta yi a faɗin Najeriya a 2018, an samu kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Kusan mutum 1 cikin 12 kenan. Ka leƙa ajinku a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Al-Qalam ko Kwalejin Hassan Usman, ka ƙirga kawuna. Ka ƙirga majalisarku ta bakin titi. Yawancin masu ita ba su sani ba, don tana iya yin shekara 20 ko 30 shiru tana sassaƙar hanta. Ranar da ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, ƙafa ta haye, sau da yawa aikin gama ya gama. Cututtukan hanta na B da C sun kashe mutum miliyan 1.3 a duniya a shekarar 2022 kaɗai.

Da yawa tun suna jarirai suka ɗauka, daga uwa lokacin haihuwa ko a shekarun farko na yarinta. Ana ɗauka ta jini: askar wanzami da ba a sauya ba, rezar yankan farce da ta zaga mutum biyar, ƙaho, allurar da aka maimaita, da kuma saduwa. Ba a ɗauka ta cin abinci a kwano ɗaya ko musabaha ko zufa, don haka masu gudun abokinsu saboda ya faɗa musu sakamakonsa su ji tsoron Allah. Rigakafinta ya shiga jerin alluran yara a Najeriya ne a 2004. Duk wanda aka haifa kafin nan, sai dai in shi ya nema daga baya, bai samu ba. Waɗanda aka haifa bayan nan ma, nawa ne aka haifa a gida ba a kai su an yi musu ta farkon nan cikin awa 24 ba? Tambayi Mama, ko ka nemo katin rigakafinka in yana nan.

Akwai wani abokin tafiyarta da ke cikin abincinmu. Gyaɗa da masara in ba su bushe da kyau ba, ko aka ajiye su a wuri mai laima, suna yin fumfuna mai fitar da guba, ana ce mata afulatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka. Tana iya biyo ƙuli-ƙuli da tunkuza da garin tuwo. Ita kaɗai tana jawo dajin hanta, in kuma ta haɗu da ƙwayar B a jiki ɗaya haɗarin yana ninkuwa sau da yawa. Gyaɗar nan da ka tauna ka ji ɗaci, tofar da ita.

Sai abin da muke ɗura wa kanmu. Farasitamol da muke sha kamar gyaɗa, in babba ya haura giram 4 a yini yana iya ƙona hanta, kuma yana ɓoye a cikin magungunan mura da "haɗin" da ake ƙulla wa masu aikin ƙarfi a leda. Ga jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da lasifika a bakin kasuwa, jarka ɗaya wai tana maganin shawara da basir da sanyi da rashin ƙarfi, babu wanda ya san me ke ciki balle adadinsa. Ga shayin rage tumbi da 'yan mata ke oda ta Instagram. Mai ɗauke da ƙwayar B bai sani ba, ya ga bidiyon wanke hanta, ya sha ots kwana bakwai, ya bi da jiƙo, ya kwanta da murna wai ya yi wa hantarsa sabis. Wannan kwanciyar hankalin ita ce cutarwar da bidiyon ke yi, don wanda ya yarda ya wanke ba zai je a duba shi ba.

Jihar Kano ta sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, har da na ciwon hanta a ciki. Ni a ganina bai kamata saurayi ko budurwa a Katsina su jira sai an sa rana, an kai lefe, sannan su san matsayinsu ba. A lokacin ne sakamako ke zama tashin hankali da tonon asiri. In ka sani tun yanzu, abin yana da sauƙi. Ba ka da ita, ka yi rigakafi, allura uku ce cikin wata shida. Kana da ita, likita zai riƙa bibiyar hantarka, in ta kama a ɗora ka a kan magani akwai irin su tenofobir da ke danne ƙwayar, matarka ko mijinki a yi musu rigakafi, jaririnku a yi masa allura ranar da aka haife shi. Nau'in C kuwa yanzu ana warkewa sarai da ƙwayoyin kimanin mako 12.

Gwangwanin da ka riga ka sayo, kada ka zubar. A dama wa Baba da ruwa da 'yar madara kaɗan, a yanka masa ayaba ko dabino biyu a maimakon sukari, ya ci gaba da shan ƙwayarsa yadda likita ya ce, gobe kuma a yi masa faten wake, jibi tuwon dawa miyar kuɓewa. Kai kuma kuɗin gwangwani na biyu ka riƙe su ka nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda har yanzu muke ce wa FMC, ko Babban Asibitin Katsina, ko na Janar Amadi Rimi. Ka ce gwajin maiƙon jini kake so, da na aikin hanta, da na ciwon hanta nau'in B, wanda ake rubutawa HBsAg. In kana da tumbi ko akwai ciwon suga a gidanku, ka tambayi likita ko akwai buƙatar hoton ciki. Ba sai ka jira 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya, ka ga an sa fosta ba. Shi gwajin B ɗin na gaggawa ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, kuma cikin minti 20 za a miƙo maka sakamako.